Yadda za ka koyi zama kai kaɗai ba tare da kaɗaici ya cinye ka ba

Ranar da na fara gwada zama ni kaɗai na minti 15 babu waya, abin da na fi tunawa shi ne hannuna. Na bar wayar a wani ɗaki da gangan, na rufo ƙofa, na zauna a kujera, amma ko minti biyu ba a yi ba sai ga hannuna na dama ya tafi aljihu da kansa yana laluba, na san sarai babu komai a ciki, ya dawo, can kuma ya sake komawa, har sau huɗu na ƙirga kafin na daina ƙirgawa. Daga nan sai na fara jin ƙarar agogon bango wanda shekara da shekaru yana wurin ban taɓa jin sa ba, sai tunanin wata magana da wani ya faɗa min tun makon jiya ta faɗo min, na fara shirya amsar da ya kamata a ce na ba shi. Wajen minti goma dai sai na ji kafaɗuna sun sauka, ashe tun safe a ɗage suke ban sani ba. Abin da ya sa na ci gaba ke nan, kuma shi ya sa nake rubuta wannan, don na yarda zama kai kaɗai abu ne da ake koya kamar yadda ake koyon tuƙi ko iyo, kuma yawancinmu babu wanda ya taɓa koya mana.

In ka gwada ka ji abin ya yi maka wuya, to ka sani ba kai kaɗai ba ne. A 2014 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Timothy Wilson na Jami'ar Virginia a Amurka shi da abokan aikinsa sun buga sakamakon gwaje-gwaje 11 a mujallar Science. Abin da suka yi ba wani abu mai rikitarwa ba ne, sa mutane suka yi su zauna a ɗaki su kaɗai na minti 6 zuwa 15, babu waya babu littafi babu biro, su yi tunani kawai. Da yawa suka ce ba su ji daɗi ba. Da aka ce wasu su yi a gidajensu, kusan kashi ɗaya cikin uku suka amsa da bakinsu cewa sun yi maguɗi, sun duba waya ko sun kunna kiɗa. Amma gwajin da ya fi tsaya min a rai shi ne wanda aka bar mutum da wani maɓalli da in ya danna zai ji shokin lantarki, kuma an riga an ɗanɗana musu shokin ɗin tun farko, har sun ce za su iya biyan kuɗi don kar a sake yi musu. Duk da haka da aka bar su minti 15 da tunaninsu, maza 12 cikin 18 sun danna, mata 6 cikin 24 sun danna, akwai ma wani mutum ɗaya da ya danna sau 190. Ni abin tausayi ya ba ni wallahi, mutum ya gwammace zafi a fatarsa da ya zauna shiru da abin da ke cikin kansa.

Kafin mu shiga yadda ake yi, akwai abu biyu da dole a raba, don mu kan haɗa su a kalma ɗaya. Akwai kaɗaici, wato ciwon nan na jin ba ka da wanda ya damu da kai ko wanda ya fahimce ka, wannan kana iya jin sa a tsakiyar taro ana ta dariya, kana iya jin sa a gida cike da mutane. Akwai kuma keɓewa, wato ka janye jikinka da son ranka na ɗan lokaci, ka san mutanenka suna nan, ka san za ka koma. Na farkon yana da illa ta gaske. Julianne Holt-Lunstad ta Jami'ar Brigham Young ta haɗa bincike 148 a 2010, mutane sama da dubu 300, ta ga masu kyakkyawar alaƙa da mutane sun fi waɗanda alaƙarsu ke da rauni damar tsawon rai da kusan kashi 50 cikin ɗari. Ko dokokin Majalisar Ɗinkin Duniya na kula da fursunoni da aka amince da su a 2015, waɗanda ake kira dokokin Mandela, sun haramta tsare mutum shi kaɗai fiye da kwana 15 a jere. To ba wannan nake kira gare shi ba, mutum rahama ne, babu mai ja. Ɗayan nake nufi, na zaɓi, na ɗan lokaci.

Zaɓin nan shi ne mataki na farko, ni a wurina ma ya fi tsawon lokacin muhimmanci. Kai ne za ka sa lokacin, kai ne za ka ce na tashi. Thuy-vy Nguyen, wadda yanzu take Jami'ar Durham a Ingila tana jagorantar bincike kan wannan fanni, ita da Richard Ryan da Edward Deci sun nuna a 2018 cewa mutanen da suka keɓe don suna so, don sun ga amfanin abin, su suka fi samun natsuwa da raguwar matsin rai. Haka ma Netta Weinstein ta Jami'ar Reading a 2023 ta bi mutane 178 a Birtaniya da Amurka suna rubuta yadda ranarsu ta kasance har kwana 21, ta ga ranar da mutum ya daɗe shi kaɗai matsin ransa kan ragu kuma ya fi jin yana da 'yancin kansa, amma a ranar kuma yakan fi jin kaɗaici, sai dai in shi ya zaɓi zaman, to wannan illar takan ragu sosai. Ma'ana awa biyun da ka yi kai kaɗai don abokinka ya saɓa alkawari, da awa biyun da ka ware da kanka tun jiya, agogo ɗaya ne amma zuciya ba ta ɗauke su ɗaya ba. Saboda haka kar ka jira sai kowa ya watse ya bar ka sannan ka ce bari in yi keɓewar, a'a, tun dare ka ce gobe ƙarfe kaza zan zauna, ka sa alam in ya kama.

Fara da minti 15. In ya yi maka yawa fara da biyar, babu wanda zai ba ka maki. Na ce 15 ne don shi ne tsawon da Nguyen ta yi amfani da shi, kuma abin da ta gani yana da kyau ka san shi tun kafin ka zauna don kar ka ce abin bai yi aiki ba. Keɓewa takan rage duk wani motsin rai mai ƙarfi, mai daɗi da marar daɗi gaba ɗaya. Fushi ya sauka, fargaba ta sauka, amma zumuɗi da ɗoki su ma su sauka. Abin da kan hau shi ne natsuwa, wani lokaci kuma ɗan jin kewa ko ɗan sanyin jiki ya biyo baya. Ka taɓa ganin ruwan da aka dama ya yi duhu, aka ajiye shi babu mai taɓawa, a hankali dattin ya kwanta ƙasa ruwan ya washe? Kusan haka ne. To wanda ya shiga yana jiran ya fito yana tsalle don murna zai ce ƙarya ake yi masa, alhali aikin da abin ke yi daban ne. Shi ya sa lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan abin da ya tayar maka da hankali, bayan an tashi daga aiki kafin ka shiga cikin iyali, bayan gardama kafin ka tura saƙon nan da ka riga ka rubuta, ko kafin wata ganawa da gabanka ke faɗuwa a kanta. In kuma dama jikinka a mace yake, ranka babu daɗi, kana neman abin da zai ɗaga ka, to a wannan ranar kiran aboki zai fi maka amfani.

Sai maganar waya, kuma a nan ba zan sassauta ba. Sa ta a sailent ka kife ta a gefenka bai isa ba, kai ta wani ɗaki. Mutumin da ke kwance shi kaɗai yana zagaye a WhatsApp da Facebook da TikTok jikinsa ne kawai ke ɗakin, kansa kuwa cike yake da muryoyin mutane ɗari, wannan na faɗa wannan na talla wannan na nuna sabuwar mota, bai samu hirar gaske ba kuma bai samu shirun ba, ya tashi a tutar babu. In kana buƙatar abin da zai gaya maka lokaci ya cika, nemi agogo, ko ka sa alam ɗin da ƙarfi yadda za ka jiyo shi daga ɗaya ɗakin. Za ka ji hannunka na nema kamar yadda nawa ya yi, ƙyale shi ya laluba, kwana uku huɗu zai rage.

Wani abin da zai taimaka maka ka zauna tun farko shi ne ka daina yarda da hasashen da zuciyarka ke yi cewa abin zai gundure ka. A 2022 Aya Hatano da Kou Murayama da abokan aikinsu sun gwada ɗalibai a Japan da Birtaniya, kafin su zauna su kaɗai na kamar minti 20 sai a tambaye su, kuna ganin za ku ji daɗinsa nawa? Bayan sun gama a sake tambaya. Sau da sau abin da suka ji ya fi abin da suka zata, ba wai daɗin ya kai wani can ba, amma dai bai yi munin da suka hango ba. Akwai kuma wani bincike daga Jami'ar Harvard a 2020, Micaela Rodriguez da abokan aikinta, inda aka ba wasu mutane ɗan rubutu kan amfanin keɓewa su karanta kafin su zauna minti 10 su kaɗai, sai aka ga walwalarsu ba ta faɗi kamar ta sauran ba. Wato sunan da ka raɗa wa zaman yana shiga cikin yadda za ka ji shi. In ka zauna kana cewa ga ni nan babu kowa, haka zai zame maka. Ni abin da nake ce wa raina kafin in zauna gajere ne, wannan lokacina ne, ni na ɗauke shi.

To ka zauna, me za ka yi? Ba dole ba ne ka zauna ƙiƙam kana kallon bango, wannan kuskure ne da ke korar mutane da yawa tun ranar farko. A gwajin Nguyen waɗanda aka ba abin karantawa su ma hankalinsu ya kwanta kamar na waɗanda suka zauna haka nan. A 2016 BBC da wasu masu bincike sun tambayi mutane dubu 18 daga ƙasashe 134 abin da ya fi hutar da su, karatu ya zo na ɗaya, zama cikin itatuwa da sarari ya zo na biyu, zama kai kaɗai ya zo na uku, kuma yawancin abubuwan da suka hau sama abubuwa ne da mutum kan yi shi ɗaya. Don haka ɗauki abu mai sauƙi wanda ba ya ja da hankalinka da ƙarfi, littafi na takarda, zane, ɗinki, gyaran wani abu da hannu, ban ruwan shuka, ko tafiya a ƙafa ba tare da ka toshe kunne ba. Ma'aunin shi ne abin ya bar maka fili a kai yadda tunani zai iya zuwa ya wuce. In abin yana da maki ko yana da mai jiran amsarka, bai shiga ba.

Yanzu ga inda aikin yake, kuma a nan zan ɗan daɗe, don a nan ne keɓewa ke juyewa ta zama cuta in ba a kula ba. Da zarar shiru ya sauka, abin da ka daɗe kana dannewa da hayaniya zai taso. Wani abin kunya da ka yi shekara biyar da suka wuce, bashin da ke kanka, maganar da aka yaɓa maka. Tasowarsa ba matsala ba ce, dama yana nan, hayaniya ce ta rufe shi. Matsalar ita ce saƙa da warwara, ka kama zare ɗaya kana ta juya shi, me ya sa ni, me ya sa kullum haka, me ke damuna, ka je ka dawo wuri ɗaya babu abin da ka ƙulla. Marigayiya Susan Nolen-Hoeksema, wadda ta ƙare aikinta a Jami'ar Yale, shekaru ta yi tana nuna cewa irin wannan juya tunanin yana tsawaita baƙin ciki kuma yana buɗe ƙofa ga ciwon damuwa. To yaya za ka gane ka faɗa ciki? Tambayi kanka, a minti biyar ɗin nan na gano wani abu sabo, ko kuwa fim ɗaya nake ta maimaitawa? In maimaici ne, ga abin yi.

Canza tambayar. Edward Watkins na Jami'ar Exeter ya nuna bambanci tsakanin tunanin da ke shawagi a sama, irin na me ya sa, da tunanin da ke sauka ƙasa ya kama abu takamaimai, irin na yaya aka yi, a ina, me aka ce, me zan yi gobe. Na biyun shi ke fitar da mutum. Maimakon me ya sa ba na iya riƙe aboki, sai ka ce ranar Talata da muka yi waya me na faɗa, daga wace kalma muryarsa ta canza, in zan kira shi da wace jimla zan fara. Ka ga wannan yana da ƙarshe, wancan kuwa rijiya ce marar gindi.

Wata dabarar kuma, kira kanka da sunanka. Na san zai yi maka banbaraƙwai da farko, amma Ethan Kross na Jami'ar Michigan ya gwada shi a 2014, mutanen da aka ce su yi wa kansu magana da sunansu ko da kai ko ke kafin su yi jawabi gaban mutane sun fi natsuwa kuma ba su yi ta cin kansu bayan an gama ba kamar masu cewa ni, ni. Dalilin a fili yake, duk mun fi iya ba wa wani shawara fiye da kanmu, in ƙawarki ta zo da irin matsalarki ba za ki ce mata ke dama ba ki da amfani ba, za ki ce zauna mu duba. To wannan muryar ake so ki juyo da ita kanki.

In duk bai yi ba, tashi. Zama a wuri ɗaya da tunanin da ya ƙi sakinka ba jarumtaka ba ce. Fita ka taka, in da hali inda akwai itatuwa ko ruwa ko sarari. A Jami'ar Stanford a 2015 Gregory Bratman ya sa wasu tafiyar minti 90 cikin ciyayi da itatuwa, wasu kuma a bakin babban titi mai motoci, masu tafiya cikin itatuwan suka dawo da ƙarancin saƙe-saƙe, har hoton ƙwaƙwalwarsu ya nuna sashen da ke da alaƙa da irin wannan tunanin ya lafa. Ba sai ka yi minti 90 ba kafin ka ji sauƙi, ni zagaye ɗaya na minti 20 kan ishe ni in dawo da kai mai sauƙi. Ko kuma ka ɗauki biro. James Pennebaker tun 1986 ya sa ɗalibai rubuta abin da ya fi yi musu ciwo, minti 15 a rana kwana huɗu a jere, ba don kowa ya yaba rubutun ba, a lokacin da suke rubutawa ransu ya ɓaci, amma a watannin da suka biyo baya zuwansu asibitin makaranta ya yi ƙasa da na waɗanda suka rubuta abubuwa marasa nauyi. Tunani a kai yana iya zagayawa sau dubu, a takarda kuwa dole ya bi layi, ya fara a wani wuri ya tsaya a wani wuri. In ka gama kana iya yaga takardar.

Nawa ne ya isa? Babu lamba ɗaya ta kowa, binciken Weinstein ɗin nan nema ya yi bai samu wani adadin awoyi da za a ce shi ne daidai ga kowa ba. Abin da ya fi min amfani na samo shi ne daga aikin Reed Larson na Jami'ar Illinois, wanda ya raba wa yara da matasa wata 'yar na'ura mai ƙara, duk sanda ta yi ƙara su rubuta inda suke, da wa suke, da yadda suke ji. A sakamakon da ya buga a 1997, matasan ba su fi jin daɗi ba a lokacin da suke su kaɗai, amma bayan sun fito sun koma cikin mutane ransu ya fi sauƙi, kuma waɗanda keɓewarsu take tsaka-tsaki sun fi masu yi da yawa da marasa yi sam daidaituwa. To kar ka auna abin da yadda ka ji a ciki, auna shi da yadda ka fito. Bayan ka buɗe ƙofa, ka fi iya sauraron mai yi maka magana har ya kai aya? Tsawar da ka saba yi wa yara ta ragu? Ka ji marmarin ganin mutane? In eh, adadin ya yi maka. In kuwa ka fito kana jin kowa ya ishe ka, kana neman dalilin komawa, kana ganin kira kana bari ya katse, to ka zarce, ko kuma dama gudu kake yi ba hutu ba. Ka riƙa rubuta layi ɗaya kullum har mako biyu, minti nawa na yi, yaya na fito, za ka ga naka ma'aunin da idonka.

Akwai kuma waɗanda matsalarsu ta juye, su ba kaɗaici ke damunsu ba, rashin samun ko minti goma nasu ne. Uwa mai ƙananan yara, mai jinyar tsoho, ɗalibin da ke ɗaki ɗaya da mutum biyar, wanda aikinsa magana da jama'a ne daga safe har dare. Robert Coplan na Jami'ar Carleton a Kanada shi da abokan aikinsa sun yi nazarin wannan a 2019, ƙishin keɓewa da ba a kashe ba, suka ga yana tafiya tare da matsin rai da alamun damuwa. Mutum ya ga yana ta faɗa da kowa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, ya zaci mugun hali ne ya same shi, alhali shiru kawai jikinsa ke roƙo. In ke ce wannan, ki nemi lokacin a fili kar ki sace shi, don in kika ɓace babu bayani za a zaci fushi kike. Jimla ɗaya ta isa, ba fushi nake ba, minti 15 nake so in dawo daidai, ƙarfe kaza zan fito. Faɗin lokacin fitowar shi ne sirrin, yana kwantar wa mutanen gida hankali, kuma in kika cika alkawari sau biyu sau uku za su saba. In babu ɗaki, akwai tashi kafin kowa, akwai zama a mota minti goma kafin a shiga gida, akwai sauka kafin a kai tasha a ƙarasa da ƙafa.

Kuma ba lallai sai babu kowa a wurin ba. Donald Winnicott, likitan yara ɗan Ingila, ya rubuta tun 1958 cewa yaro yana koyon zama shi kaɗai ne a gaban uwarsa, yana wasansa a ƙasa tana gefe tana harkarta, ba ta sa masa baki ba kuma ba ta tafi ba, daga nan yake gane cewa shiru ba watsi ba ne. Wannan ya canza yadda nake kallon yara, in na ga yaro ya nutse yana jera murafan kwalba yana magana da kansa, na daina katse shi da me kake yi, na daina miƙa masa waya don kar ya gaji da zama. Manya ma haka, mutum biyu na iya zama ɗaki ɗaya kowa da littafinsa awa guda babu wanda ya ce uffan, su tashi kowa ya huta.

Abu na ƙarshe, kuma don Allah kar a tsallake shi. John Cacioppo na Jami'ar Chicago, wanda ya rasu a 2018, ya kwatanta kaɗaici da yunwa ko ƙishirwa, ƙararrawa ce da jiki ke bugawa cewa ka nemi mutane. Ya kuma nuna wani tarko, in kaɗaici ya daɗe, ƙwaƙwalwa takan koma zaman ɗar-ɗar, ta riƙa hango raini da ƙiyayya a fuskokin da babu komai a cikinsu, sai mutum ya ƙara janyewa, janyewar ta ƙara masa zargi. Mai wannan hali zai iya karanta duk abin da na rubuta ya ce ai ni keɓewa nake yi, alhali ɓuya yake. In ka lura kusan kullum ranka a ɓace yake har mako biyu ko fiye, abin da ka saba jin daɗinsa ya fita ranka, barcinka ya rikice, wanka ma ya zama aiki, to ajiye wannan atisayen tukuna, lokacinsa bai yi ba. Ka gaya wa mutum ɗaya da ka yarda da shi, ka ga likita ko mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, ciwon damuwa ana maganinsa kuma ana warkewa. In kuma tunanin cutar da kanka ya fara zuwa maka, kar ka zauna kai kaɗai da shi ko na dare ɗaya, ɗauko wayar nan da na ce ka kai ɗaya ɗakin, kira wani yanzu, ka ce masa zo ka zauna da ni.